Sauri ya haifi nawa: zafin huji da ƙarfin jirgin sama

Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko ƙasar Sin sarin kaya, da ma'aikacin da gwamnati ke aikawa taro Turai, ba safai suke tambayar da me aka ƙera jirgin da suka shiga ba. Galibi an ɗauka duk ƙarfe ne. Alhali kuwa manyan jiragen dogon zango sun sake jiki. Boeing 787 na Amurka, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa ba ƙarfe ba ne. Haka ma Airbus A350 da ake harhaɗawa a birnin Tulus na Faransa, wanda ya fara aiki a 2015: kashi 53 cikin ɗari na jikinsa haɗi ne na zare da danƙo. Kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha yana da duka biyun.

Shi wannan zare na karbon siriri ne ƙwarai, don sai an jera wajen goma kafin su kai kaurin gashin kai guda. Ana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa da inda ya fuskanta, a jiƙe da wani danƙo da ake kira efoksi, sa'an nan a gasa cikin tanda mai matsin iska a zafin da ya kai wajen digiri 180. Abin da ke fitowa ya fi alminiyom sauƙin nauyi, ga ƙarfi, ga shi ba ya tsatsa. Dabarar dai irin ta magini ce mai cuɗa ciyawa cikin laka: zare ke ɗaukar nauyi, danƙo ke riƙe zare.

To, amma jirgi ba a zuba shi gaba ɗaya. Dole a haɗa fiffike da gangar jiki, a ɗaure da ƙusoshi dubbai, kowace ƙusa kuwa sai an huda mata wuri. A nan gizo ke saƙa.

In ana huda ƙarfe, ɓarɓashin da ke fita yakan tafi da yawancin zafin. Wannan haɗi kuwa ƙura yake fitarwa, danƙon kuma ba ya miƙa zafi gaba, sai zafin ya taru a bakin hujin. Shi zaren bai damu ba, tun da a wutar da ta wuce digiri 1000 aka yi shi. Danƙon ne mai rauni. Da zarar zafi ya kusanci wanda aka gasa shi da shi, sai ya fara laushi, ya saki zaren da yake riƙe. In ya haura digiri 300 kuwa, ya soma ƙonewa ke nan.

Ɓarnar iri-iri ce. Bangon hujin yakan yi kaushi, zaren ya tuge maimakon ya yanku. Mafi muni shi ne rabuwar hawa da hawa, musamman a wajen da bakin ƙarfen huji ke ɓullowa, inda yake tura hawan ƙarshe ya ɓamɓare shi. Sau da yawa ido ba ya ganin wannan tsaga, don a ciki take. Ga shi kuma a kan bangon nan ƙusa ke jingina duk lokacin da jirgi ya tashi, ya sauka, ko iska ta girgiza shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abubuwa uku ke hura wannan wuta. Na farko, gudun injin da ya wuce kima. Na biyu, dakusasshen baki, domin zaren karbon yana cin ƙarfe kamar dutsen washi, dakusasshen baki kuwa guga yake yi, ba yanka ba. Na uku, wuraren da ake huda haɗin tare da ƙarfen titaniyom a lokaci guda, inda ɓarɓashin ƙarfen mai zafi ke karce bango a kan hanyarsa ta fita.

Saboda haka masana'antu ke amfani da baki mai rufin lu'ulu'u, suna ƙidaya hujin da kowane ya yi, su canza shi tun bai dakushe ba. Suna rage turi dab da ɓullowa, su tokare bayan da wani allo, daga baya su binciki aikin da na'urar sauti mai gano tsagar ɓoye. An kuma gwada sanyayawa da ruwan iskar azot, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Yana hana danƙo laushi, amma yana ƙara masa tauri, sai turin ya ƙaru, wani lokaci tsagar ma ta ƙaru. Ke nan ba a son wuta, ba a son ƙanƙara, sai tsaka-tsaki.

Mai sayen kaya ya san tsadar ƙyalle ba ta hana riga yagewa a ɗinki. Haka abin yake a nan: komai ingancin zaren da aka saya, ƙarfin fiffike yana hannun wanda ya huda shi. Daƙiƙoƙin da aka rage a kan huji guda na iya sa a yar da ɓangaren da ya ci miliyoyin kuɗi. Sai wani makon.