Rijiyar Mai da Rijiyar Ruwa

Tun watan Nuwamba na 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, Arewa ta ɗauki murna, aka ce akwai ganga fiye da biliyan 1 a ƙarƙashin ƙasa. Mu ma a Dutse ba mu ƙi arziki ba. Tambayarmu ɗaya ce: ranar da rijiya ta yi yoyo, wa za a fara ceta?

A 2010 rijiyar kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko. Ma'aikata 11 suka halaka, mai ya kwana 87 yana kwarara, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan rabi. Can Amurka ce, inda kotu ke da haƙori, don haka aka biya diyya mai nauyi. A Nembe ta Jihar Bayelsa kuwa, cikin 2021, rijiyar Santa Barbara ta kamfanin Aiteo ta haura wata guda tana aman mai cikin ruwan masunta. Mai jari ba ya firgita sai ɓarna ta taɓa aljihunsa. In ba ta taɓa ba, hankalinsa na kan taskar da bai haƙo ba tukuna.

Dukiyar Jigawa ruwa ce: Kogin Haɗeja, fadamun shinkafa da alkama, da rijiyoyin da talaka ke sha. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsabtace ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30. Wane manomin rani ne zai iya wannan jira?

Mun ma ga abin da tanka ɗaya tak ta yi. Daren 15 ga Oktoba 2024 ta kife a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Abuja su tsaya kai da fata: kada a buɗe sabuwar rijiya a Arewa sai kamfani ya ajiye kuɗin gyaran ɓarna, an kuma auna ruwan garuruwan da ke kewaye. Gwamnatin Dutse ta wadata garuruwan hanyar Kano zuwa Haɗeja da motocin kashe gobara. Limamanmu kuma su faɗa a kan mumbari cewa man da ya zube daga tanka dukiyar wani ce, kada kowa ya kusance shi.