Wake Da Ganye Ba Abin Kunya Ba Ne

Shekarun nan ana ta samun labari daga ƙasashen Turai da Amurka cewa jama'arsu suna rage cin nama, suna komawa ga hatsi da wake da ganyaye, wasu don neman lafiyar jiki, wasu kuma don tsoron ɗumamar duniya. Maganar ta iso mana ta rediyo da wayar hannu. Mu a namu ganin akwai gaskiya a cikinta, amma kafin mu ɗauke ta yadda ta zo, ya kamata mu fara leƙa tukunyarmu tukuna.

Masu wannan kira suna da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. A 2015 kuma sashenta mai binciken ciwon daji ya sa naman da aka sarrafa don ajiya, irin na gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2013, ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14 da rabi cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya ta hanyar ayyukan ɗan Adam. Majalisar ta keɓe 2016 ta zama shekarar wake da danginsa, 2023 kuma ta gero da danginsa.

To, abin da duniya ke yi wa shela yanzu, shi ne abin da ke zube a faifai da kwando a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru. Ga wake, ga gyaɗa, ga dawa da gero. Ga zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa da garin kuka. Iyayenmu ba su san sunan sinadarin gina jiki ba, amma sun san a haɗa hatsi da wake, watau abin da wannan ya rasa wancan ya cike. Da haka aka sami ƙosai da koko, da ɗan wake, da shinkafa da wake. Sun san a daka ƙuli-ƙuli a kwaɗa zogale da shi, sun san a dafa kalwa a rufe ta har ta zama daddawa. Sa'an nan tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya aka kafa Sabon Gari, 'yan'uwanmu na Kudu sun ƙaro mana agushi da ugu da ire-irensu. Daga baya awara ta shigo, wadda ba kome ba ce illa cukun waken suya, wake mai ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na sinadarin gina jiki. Wannan ita ce Turawan birni ke saye da tsada a kantuna, mu kuwa ana soya ta a bakin kowace ƙofar makaranta.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Abin takaici shi ne, yawancin waɗanda suka fi raina wannan abinci su ne masu ilmin cikinmu. Ma'aikaci da zarar ya sami ƙarin girma, sai tuwon dawa ya zama na mutanen ƙauye, a koma farar shinkafa da farin burodi da lemon kwalba. Daddawa a ce tana wari, a maye gurbinta da ɗanɗanon dunƙule, alhali kuwa mafi yawan abin da ke cikinsa gishiri ne, kuma likitoci sun ce kada gishirin yini guda ya kai giram 5. Ɗalibi a ɗakin kwana kuwa taliyar leda ce safe da dare, domin ita ce mai saurin dahuwa. Garau-garau ba a tuna shi sai wata ya yi nisa. Ba sai an faɗa wa kowa ba, hawan jini da ciwon suga sun daina zama cutar tsofaffi da attajirai. Duk ofishin da ka shiga za ka tarar da mai haɗiyar magani.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, gidaje da yawa sun koma ga awara da miyar ganye. Amma komawar dole ce, ana yi ana jin kunya, ana jiran ranar da za a sami sauƙi a sake gudu. Wannan tunani ne muke so a gyara.

Sai dai kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a bar nama ba. Nasihar Turawa an yi ta ne domin mutanen da nama ya yi musu yawa. Talakanmu kuwa sau da yawa ba ya ganinsa sai ranar suna ko Babbar Salla. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Duk wanda ya ce a hana irin waɗannan yara madara da ƙwai da kifi, ya cuce su. Haka mai ciki da mai shayarwa. Akwai ma sinadarin da jini da jijiyoyi ke bukata, wanda likitoci ke kira B12, da ba a samunsa a tsirrai. Shi ya sa aikin Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, wadda ta fitar da kazar ƙwai ta Shika Brown, bai saɓa wa abin da muke faɗi ba. Wanda ya kamata ya rage shi ne mai albashin da ba ya kwana sai ya biya wurin mai tsire ko balangu, a gidansa kuwa ba a ganin ganye sai na ado.

Ta fuskar muhalli ma lissafinmu dabam ne. Saniyar Bafulatani mai ba da nono da taki ba ɗaya take da shanun da ake sare dazuzzukan Brazil dominsu ba. Damuwarmu ita ce ƙasar noma da ta gaji. Manomin masara a yankin Zariya ya san ba ya samun kome sai da takin zamani, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa saiwarsu na jawo abincin shuka daga iska ta ajiye a ƙasa, kuma juya su da hatsi na rage ƙuduji a gona. Harawarsu ta ciyar da dabbobi da rani. Ashe ke nan kowane mudun wake da aka saya a Sabon Gari ƙarfafa gwiwa ne ga manomi ya hutar da gonarsa. Haka nan wanda ke cin daddawa da miyar kuka ba zai so a sare ɗorawa a yi gawayi ba, ko a kā da kuka a yanka fuloti.

Abin mamaki, ilmin duk yana nan a ƙofar gidanmu. Tun 1922 aka kafa tashar binciken gona a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan aka fitar da irin wake na SAMPEA, da gyaɗar SAMNUT, da dawar SAMSORG. A ƙarshen 2019 aka fitar da SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, har feshin magani ya ragu zuwa sau biyu. Akwai masu ɗari-ɗari da irin wannan iri, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani dalla-dalla cikin harshen da suke ji.

Amma ba za mu ce wa jama'a su ci wake da ganye ba, mu yi shiru kan abin da ake zuba musu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Wanda aka hana shiga can, mu ne muka ci shi a nan. Alhali akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Akwai kuma lambunan da ake bayi da ruwan Kubanni bayan ya kwashi dattin unguwanni, da man suyar awara da ake maimaitawa har ya yi baƙi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta sa wake, waken suya da miyar ganye su zama wajibi a jerin abincin makarantun kwana da asibitocinta, a kuma riƙa sayensu kai tsaye daga ƙungiyoyin manoman yankin. Hukumomin manyan makarantun Zariya su ware filayen lambu kusa da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari kuwa, wadda Samaru ke ƙarƙashinta, ta maido da duba-gari cikin kasuwanni, ta haɗa kai da malaman gona na jami'a a koya wa 'yan kasuwar hatsi ajiya ba da guba ba, a kuma sa buhunan nan a wurin da ƙaramin ɗan kasuwa zai same su kafin kakar wake ta shigo.