Mu Ƙaru da Turanci: Cloak, Cape, Mantle da 'Yan Uwansu

Wannan makon wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe ta aiko da kuka. A jarrabawar gwaji an ba su labari, a ciki aka ce: “The thieves left under the cloak of darkness.” Aka tambaye su yadda ɓarayin suka tsere. Ta tuna ƙamus ya ce “cloak” wata irin riga ce, sai ta rubuta cewa baƙaƙen riguna suka sa. Malam ya ja mata jan biro. Yau a gwaji ne, gobe a WAEC ko NECO ne, don haka mu zauna mu warware.

Mu fara da “cloak” ɗin kanta. Tufa ce mara hannu, ana yafa ta a kafaɗa, a ɗaure a wuya, ta sauka har gwiwa ko idon sawu. Sau da yawa tana da hular da aka ɗinke a jikinta, wadda ake kira “hood”. Duk wanda ya taɓa ganin sarki cikin alkyabba ranar hawan sallah ya san siffarta. Asalin kalmar daga “clocca” ne, wato ƙararrawa a Latin na tsakiyar zamani, domin tufar tsukakkiya ce a sama, buɗaɗɗiya a ƙasa. Daga tushen nan ne kuma aka samo “clock”, saboda agogunan farko na Turai da bugun ƙararrawa suke faɗin lokaci.

“Cape” ƙanwar “cloak” ce. Ita ma ba ta da hannu, amma yawanci ta fi gajarta, kuma bayan mutum ta fi rufewa, kamar jan ƙyallen da ke kaɗawa a bayan Superman. Sai dai a yi hattara: akwai wata “cape” da ke nufin tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, kamar a sunan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Rubutunsu ɗaya, asalinsu daban, kamar dai “gari” na zama da “gari” na tuwo.

“Shawl” shi ne mayafi ko gyale, kuma daga harshen Farisa Turanci ya aro shi. “Poncho” ƙyalle ne mai faɗi da aka huda tsakiyarsa don a zura kai, tufar mutanen Kudancin Amurka. “Robe” da “gown” kuwa suna da hannu: irin rigar alƙalai da lauyoyi a kotu, da wadda za ku sa ranar yaye ku daga jami'a, in Allah ya yarda.

Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce “mantle”. A da tufa ce irin “cloak”, amma yanzu da wuya ka ji ta da wannan ma'anar sai a tsofaffin labarai. In aka ce “She took up the mantle of leadership”, ba wata riga aka ɗauka ba, ragamar shugabanci ce ta koma hannunta. Mu ma in muka ce an naɗa wa wane rawani, ai sarauta muke nufi, ba ƙyallen kawai ba. A darasin labarin ƙasa kuma, “mantle” shi ne sashen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, wanda ya lulluɓe cibiyarta, zurfinsa ya kai wajen kilomita 2,900. Hatta “dismantle”, wato kwance inji ko wargaza abu, asalinta tuɓe wa abu mayafinsa ne.

To mu koma ga 'yar uwarmu. Aikin “cloak” rufewa ne, shi ya sa Turawa ke aron ta ga duk abin da ya ɓoye wani abu. Ɓarayin nan duhu ne ya lulluɓe su, suka sulale cikin dare. Haka in ka ga “His kindness was a cloak for his greed”, ana nufin kirkin nasa na ganin ido ne, kwaɗayi ke ƙarƙashi: ya fake da guzuma ne don ya harbi karsana.

Ga dabarar da za ku riƙe. Duk inda kuka ci karo da irin waɗannan kalmomi, ku tambayi kanku: akwai mutumin da ya sa tufar a jikinsa a cikin jimlar? In akwai, tufa ce. In kuwa an haɗa ta da abin da ba a ɗinkawa, kamar duhu, sirri ko mulki, adon magana ne, kuma ma'anar ba za ta wuce ɓoyewa ko ɗaukar nauyi ba.

Aikin gida: kowa ya gina jimla biyu da “cloak”, ɗaya ta tufa, ɗaya ta adon magana, ya nuna wa malamin Turancinsa. Sai mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.