Yara Sun Fi Mu Sanin Darajar Masu Kwasar Shara

Potiskum gari ne na manyan motoci. Duk wanda ya tashi a nan ya saba da rurin tirela tun yana goye: masu lodin shanu daga kasuwar Laraba zuwa Kudu, masu dakon hatsi, masu ratsa gari daga Kano zuwa Maiduguri. Shi ya sa yaron Potiskum bai cika ɗaga kai don ya ga babbar mota ba. Amma bari tifar kwasar shara ta shigo unguwa, katafila na biye da ita. Nan take za a watsar da ƙwallo, wanda aka aika sayen magi ya manta da aike, a jeru a gindin katanga ana kallo baki buɗe.

Na daɗe ina koyar da yaran firamare, kuma ina jin na gane abin da ke jan su. Tirela wucewa kawai take yi, kayanta a rufe da tamfol, ba wanda ya san inda za ta sauke. Ita kuwa motar shara a gaban idonsu take aikinta. Ga juji ya kusa kai tsayin katanga, cokalin katafila ya caka, ya ɗaga, ya juye cikin tifa, mutane uku ko huɗu na bi da shebur da manjagara suna tattara abin da ya zube. Kafin la'asar wurin ya zama fili. Washegari za ka tarar da motar langa-langa an ɗaura mata gwangwanin madara a baya, ana loda ƙasa da ɓawon gyaɗa, ana ɗagawa ana juyewa, har da mai tsayawa a gefe yana ce wa direba, "Taho, taho, ya isa!" A idon yaro, waɗannan mutane masu ƙarfi ne da suka zo suka gyara masa unguwa.

Mu manya mu ne muke lalata wannan kallo. Uwa ta ce wa ɗanta ya matsa daga ƙurar juji, wannan daidai ne, lafiyarsa take tsarewa. Abin da ba na yarda da shi shi ne maganar da kan biyo baya: "Ka gani ko? In ba ka yi karatu ba, kwasar shara za ka ƙare." Na ji iyaye sun faɗa, na ji malamai 'yan'uwana sun faɗa a aji, wani lokaci ma a kunnen mai aikin, dattijon da ya isa ya haifi mai maganar. Da wannan jimla guda an koya wa yaro cewa akwai halal ɗin da ake jin kunyarta, kuma wanda ya zubar da ƙazanta ya fi wanda ya kwashe ta mutunci.

Addininmu bai koya mana haka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ke share masallacin Annabi (SAW). Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ɗauki al'amarinta ƙarami. Da ya daina ganinta sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Duk mun san wannan hadisi, muna jin sa a wa'azi, amma mai sharar kasuwa ya wuce mu ko sallama sai mun ga dama muke amsawa.

Maganar lafiya ma ta isa hujja. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Yobe na cikin jihohin da ta shiga. Hanyarta a bayyane take: ƙazanta ta haɗu da ruwan sha ko abinci. Ledar fiya wata da ake jefawa a kwata tun rani ita ce ke toshe magudana da damina, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, wani lokaci ya ci gindin katangar ƙasa. Mutumin da ya naɗe ƙafar wando ya shiga kwata a Dogo Tebo ko Tandari ya yashe ta kafin ruwan farko, ya hana wasu yara kwanciya asibiti, ko da ba wanda zai san sunansa. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da masai, mutane na shakkarsa. Tsafta aiki ne mai ƙima a wancan zamani. Har a mulkin Buhari da Idiagbon, da aka kafa sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, babba da yaro kowa fitowa yake da tsintsiya.

Raina masu kwasar shara ya taɓa jawo babban al'amari a Amurka. A watan Fabrairun 1968, motar shara ta matse ma'aikata biyu har lahira a birnin Memphis, abokan aikinsu baƙar fata suka tafi yajin aiki suna neman a ɗauke su a matsayin mutane. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu na shekarar.

Namu ba su nemi abin da ya fi ƙarfin kowa ba. Sau da yawa za ka ga mai kwasar shara da silifas, hannu ba safa, yana dama bolar da ke cike da fasassun kwalabe da tsofaffin allurai. Ina kira ga hukumar kare muhalli ta jiha, YOSEPA, da ƙaramar hukumar Potiskum, da shugabannin kasuwannin shanu da hatsi: a ba su takalman roba, safar hannu da takunkumi, a yi musu rigakafi, a biya su a kan lokaci. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ta isa ga mai shebur kamar yadda ta isa ga mai biro. A kuma sa wa kowace unguwa ranar zuwan mota, don mata su daina tura yara da bokitin shara bakin kwata da dare. Haka yaran da ke bi gida-gida da baro, da 'yan bola jari, su ma suna rage mana nauyi, a biya su haƙƙinsu ba tare da tsawa ba.

Ku kuma iyaye da malamai, ku nemo wata hanyar zaburar da yara su yi karatu, ku bar mutanen nan su ci halal ɗinsu. In motar ta shigo unguwa, ku ja yaro gefe daga ƙura, ku bar shi ya yi kallonsa, sannan ku ba shi ruwa mai sanyi ya kai musu, ya ce, "Sannunku da aiki, Baba."