Laifin Kwalta Ne Ko Na Ƙasa?

Da zarar damina ta ɗauke, hanya ta farfashe, sai a ji jama'a suna cewa ɗan kwangila ya yi rowar kwalta. Alhali kuwa kwalta rufi ce kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ita ke ɗaukar nauyin mota, kuma galibi can ne ɓarnar take farawa.

A duba baƙar lakar nan da ke shimfiɗe a sassan Borno, musamman wajen Tafkin Cadi. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura, idan rani ya yi sai ta tsuke ta daddare. Duk hanyar da aka ɗora mata haka nan, to, lalle ne ta bi wannan motsi har ta tsage. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a gyara halin ƙasar tun kafin a kawo kwalta. Laka akan cuɗa ta da ƙonannen farin dutse, wanda ke rage mata danƙo da kumburi. Ƙasa mai yashi ko jar tsakuwa kuwa siminti ya fi dacewa da ita. Abin da ake zubawa galibi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Daga nan sai a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a bi da injin daɓe, a bar ta ta yi kwanaki tana kamawa. Wannan jiran shi ne masu gaggawa suke tsallakewa.

Abin mamaki, ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Magina sun daɗe suna kwaɓa ƙasa da ciyawa don kada tubali ya tsage, mata kuma suna zuba makuba a daɓe don ya yi ƙarfi. Ga kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. A Jami'ar Ahmadu Bello ma an yi bincike kan tokar ɓawon ɗorawa wajen gyaran baƙar laka, wato ɓawon nan da ake samun makuba daga gare shi.

Saboda haka ya kamata hukuma ta hana a shimfiɗa kwalta sai an gwada ƙasar wurin, an kuma bayyana wa mutanen yankin sakamakon da Hausa. Kalmomin yin bayanin suna nan a bakin magina, sai dai ɗaliban wannan sashe su je su tattaro su tun tsofaffin suna da rai.