Wa ke auna ƙarar injinan iska a ƙarƙashin teku?

A Tekun Arewa, inda Jamus ke kakkafa injinan iska masu samar da lantarki, ƙa'ida ta hana ƙarar buga turaku a ƙasan teku wuce decibel 160 a nisan mita 750. Dangin dolfin da ke wurin da kunne suke farauta, kuma ƙara mai tsanani na iya kurmantar da su.

Awon lokacin gini mai sauƙi ne. Amma idan injinan suka fara juyawa, makirfon da aka nutsar komai yake kwasowa: jiragen dakon kaya, igiyar ruwa, har ruwan sama. Nan kowane kamfani zai iya cewa ai jiragen ne. Shaidar da za ta raba gardama ita ce awon da aka yi tun kafin a buga turken farko, kuma a ganina bai kamata mai awon ya ci abinci daga aljihun kamfanin ba.