Birki ba ya tsinkewa sai ya yi gargaɗi

Duk lokacin da mota ta afka wa jama'a, abin da ake ji shi ne "birki ne ya tsinke". Amma da wuya birki ya tsinke bai yi gargaɗi ba. Ƙara mai kama da kukan ƙarfe na nufin takalmin birki ya cinye. Idan sitiyari na karkarwa yayin taka birki, faifan ne ya lanƙwashe. Idan kuwa ƙafa na nutsewa har ƙasa, iska ta shiga ko man birki na zuba.

Matsalar tana gareji. Direba ya ce "a lallaɓa min zuwa ƙarshen wata", makanike kuma ya amince don kada ciniki ya wuce shi. Wannan caca ce da ran fasinja.

Takalmin da kaurinsa ya gaza milimita 3 ya gama aiki, kuma hagu da dama ake sauyawa tare. Man birki na shan danshi, shi ya sa ake sabunta shi kusan duk shekara 2.

Makaniken kirki ya ƙi sakin motar da ya san ba za ta tsaya ba, ko da mai ita zai yi fushi.